Ɗakin Kwamfuta Mai Uwar Garke Ɗaya: Yadda Ake Haɗa Shi A Makarantunmu, Da Yadda Ake Gano Matsala In Ya Ƙi Tashi



Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta daina jarabawar biro da takarda, komai ya koma kan kwamfuta. Tambaya 180 ce cikin awa 2, yaro na zaune gaban allo yana danna A, B, C ko D, ya danna N ya wuce ta gaba, ya danna P ya dawo baya. WAEC ma ta fara irin wannan ga masu zana jarabawa daga waje a 2024. To mu duba makarantun da al'ummarmu suka gina da guminsu, a Sabo ta Ibadan, Agege, Idi-Araba, Shagamu, Ama Hausa ta Owerri, har Lokpanta: nawa ne ke da ɗakin kwamfuta mai aiki? Yaro ya yi karatu, ya san amsa, amma ranar jarabawa ce ranar farko da yatsansa zai taɓa kibod. Kafin hannunsa ya daina rawa rabin awa ta tafi.

In ka yi wa kwamitin makaranta maganar, sai su ce kuɗi. Gaskiya ne akwai batun kuɗi, amma sayen kwamfuta sau ɗaya ake yi, kula da ita ne wahalar. Kwamfuta 20, kowace da nata rumbun ajiya da nata Windows, wannan ta kamu da bairos daga filashin wani ɗalibi, waccan an canza mata kalmar sirri, waccan rumbunta ya mutu. Kafin zango biyu sai ka tarar guda 6 ke aiki, sauran an lulluɓe su da leda. Ga kuma Windows 10 da kamfanin Microsoft ya daina ba ta kulawar yau da kullum tun 14 ga Oktoba, 2025, alhali yawancin tsofaffin kwamfutocin da muke iya saye ba sa ɗaukar Windows 11.

Ni ba injiniya ba ne. Sakandare na gama, mahaifina fataucin shanu yake yi a kara, ni kuma nake kula da ɗakin kwamfutar wata makarantar al'umma a unguwarmu, mai kwamfuta 18. Tsarin da muke amfani da shi zan bayyana, don duk matashin da ya iya karanta abin da ke kan allo zai iya riƙe shi.

Mene ne wannan tsarin?

Kwamfuta ɗaya ce mai ƙarfi ake ajiyewa a teburin malami. Ita ce saba, wadda masu fassara suka raɗa wa suna uwar garke, kuma wallahi sunan ya dace. A cikinta ake zuba duk manhajoji da sunayen ɗalibai da ayyukansu. Sauran kwamfutocin ɗalibai, mu kira su 'ya'yan garke, ba sa buƙatar rumbun ajiya ko kaɗan. Da ka kunna ɗaya, ta cikin waya za ta nemi uwar, ta karɓo abin da za ta tashi da shi. In ka kashe ta, duk wata ɓarna da yaro ya yi wa tsarin ta tafi, gobe ta tashi fes. Aikin da yaron ya rubuta kuwa yana can wajen uwar, ko wace kujera ya zauna gobe zai same shi.

Manhajar da aka fi sani a wannan aikin ita ce LTSP, kyauta ce, a kan Linux take aiki. An fara ta a 1999, aka sake rubuta ta gaba ɗaya a 2019, kuma makarantun gwamnati da dama a ƙasar Girka sun daɗe suna aiki da ita. Salo biyu ne. A na farko uwar ce ke yin duk aikin, 'yar hoto kawai take nunawa. A na biyu 'yar tana karɓo manhaja daga uwar, amma da nata ƙarfin take sarrafa ta. LTSP ta yanzu a kan salo na biyu take tafiya, kuma shi nake ba da shawara, domin in yara 18 suka buɗe burauza lokaci ɗaya a salon farko, uwar sai ta durƙusa.

Matakai huɗu da kowace 'ya ke bi

Wannan shi ne abin da ya kamata mutum ya haddace, don duk gyaran da za ka yi a kansa ya dogara.

Mataki na 1: waya. Katin netwok na 'yar ya ga cewa a jone yake da suwic, wato akwatin da duk wayoyin ke haɗuwa a jikinsa. Alamarsa 'yar fitila ce da ke kamawa a bakin ramin.

Mataki na 2: adireshi. 'Yar ta yi shela a cikin waya: wa zai ba ni lamba? Wannan shi ake kira DHCP. Sai a ba ta lambar IP, a kuma gaya mata inda uwar take da sunan fayil ɗin da za ta nema. Wannan dabarar tashi ta waya sunanta PXE, tana cikin kusan duk kwamfutar ofis da aka ƙera cikin shekara 20 da suka wuce.

Mataki na 3: ƙaramin fayil. Ta wata hanya mai suna TFTP 'yar ke jawo iPXE, shi ne ke nuna ɗan jerin zaɓi a allo, daga nan ya jawo zuciyar Linux.

Mataki na 4: babban ƙunshi. Ta hanyar NFS 'yar ke buɗe ƙunshin da ya tattara duk manhajoji, sai allon shiga ya fito. In yaro ya sa sunansa da kalmar sirri, ta SSH ake tantance shi a wajen uwar a kuma buɗe masa jakarsa.

Waya, adireshi, ƙaramin fayil, babban ƙunshi. Ba a tsallake ɗaya. Inda ta tsaya, nan matsalar take.

Kayan da za a saya

Uwar garke: kwamfutar tebur mai Core i5 ko sama, RAM 16GB in da hali, 8GB in babu, da rumbu irin SSD. Kada a yi rowa a nan, don ita ce ke ɗauke da kowa.

'Ya'ya: tokumbo sun wadatar, irin Dell OptiPlex ko HP da ake samu a Computer Village ta Ikeja ko Alaba. RAM 4GB ya yi, 2GB zai tashi amma da jan ƙafa. A tabbatar mai bit 64 ce, don Ubuntu ta daɗe da barin masu bit 32. Akwai kuma ƙananan akwatuna irin HP t620, ba su da fanka, ba sa shan wuta sosai, suna aiki da wannan tsarin lafiya lau. Amma a kula, akwatunan NComputing irin L300 da nasu manhajar daban suke aiki, ba su shiga wannan lissafin ba. Tunda ba ka buƙatar rumbu, ka nemi a cire shi a rage maka kuɗi. Kafin ka biya, ka sa a kunna, ka shiga BIOS ka ga akwai zaɓin tashi ta netwok.

Suwic: mai gudun gigabit, rami 24. Tsohon mai gudun 100 zai yi aiki, amma da safe in an kunna duka lokaci ɗaya za ka sha jira.

Waya: Cat5e ko Cat6 ta jan ƙarfe zalla. Akwai wata mai araha da ake kira CCA, alminiyom ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama, saurin karyewa gare ta. Ka kankare silin ɗaya da reza, in cikinsa ya fito fari, ita ce. Tsawon waya ɗaya kada ya wuce mita 100. Ka haɗa da filayar matse kai da ƙaramar testa, kuɗinsu bai kai na kiran mai gyara sau biyu ba.

Jerin launin silin waya a kowane kai, daga hagu, in ka riƙe kan maƙallin yana kallon ƙasa: fari da ruwan lemo, ruwan lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Duka kai biyun iri ɗaya.

Haɗawa

Da farko ka zuba Ubuntu MATE ko Debian a kan uwar, ka sa duk abin da yara za su buƙata: LibreOffice don rubutu da lissafi, burauza, Klavaro ko Tux Typing don koyon buga kibod. Sannan ka sauke waɗannan: ltsp, dnsmasq, nfs-kernel-server, openssh-server, squashfs-tools, ipxe da epoptes. Ka ba uwar lambar IP tsayayya wadda ba ta canzawa.

Sai ka yanke shawarar wa zai riƙa raba adireshi. In makarantar na da rauta mai ba da intanet, ka bar ta ta ci gaba da rabawa, uwar kuma ta riƙa ƙara bayanin tashi kawai. Haka LTSP ke yi in ba ka ce mata komai ba. In kuwa babu rauta, ko kana so ɗakin ya zama a ware, sai ka ba katin uwar da ke kallon suwic lamba 192.168.67.1, ka ƙara --proxy-dhcp=0 a bayan umarni na farko, uwar ta riƙa rabawa da kanta.

Umarnin guda 5 ne, a jere, kowane da sudo a gabansa:

ltsp dnsmasq
ltsp image /
ltsp ipxe
ltsp nfs
ltsp initrd

Na farko ya shirya mataki na 2 da na 3. Na biyu ya ɗaure duk abin da ke kan uwar ya zama ƙunshi ɗaya, yana ɗaukar mintoci, ka yi haƙuri. Na uku ya rubuta jerin zaɓin da ke fitowa a allo. Na huɗu ya buɗe ƙofar NFS. Na biyar ya tattara saituna da sunayen masu shiga.

Daga nan ka je wajen 'ya ɗaya, ɗaya tak, ka shiga BIOS. A Dell F2 ne, a HP F10. Ka kunna tashi ta netwok, ka mai da shi na farko a jeri. In kwamfutar mai UEFI ce ka kashe Secure Boot, in ba haka ba za ta ƙi karɓar iPXE. Sai wannan ɗayar ta tashi har ka shiga ka buɗe burauza, sannan ka koma kan sauran.

Doka biyu da ba a mantawa da su. In ka sa sabuwar manhaja a kan uwar, sai ka sake ltsp image / sannan ka sake kunna 'ya'yan, in ba haka ba tsohon ƙunshi za su ci gaba da gani. In ka ƙara sunan sabon ɗalibi ko ka taɓa fayil ɗin saituna ltsp.conf, sai ka sake ltsp initrd.

In ya ƙi tashi

A kara, in saniya ɗaya ta ƙi cin abinci ita ake dubawa. In garke duka ya ƙi, ruwa ko dusar ake dubawa. Haka nan ma. Tambayar farko kullum: guda nawa suka ƙi? In ɗaya ce, matsalar na jikinta ko wayarta. In jeri ɗaya ne, ka duba suwic ɗin da suke kai. In duka ne, uwar ce ko wayar da ta haɗa ta da suwic. Tambaya ta biyu: me aka canza tun jiya?

Sannan ka karanta allo kafin rubutun ya ɓace. In yana saurin wucewa ka ɗauki bidiyo da wayarka.

PXE-E61: mataki na 1. Katin bai ga waya ba. Ka duba fitilar bakin rami, ka canza rami a suwic, ka ɗauko wayar maƙwabciyarta mai aiki ka gwada. Mafi yawan lokaci ɗan maƙallin roban ne ya karye, ƙafar yaro ta ja wayar.

PXE-E51: mataki na 2. Ta yi shela babu wanda ya amsa. Ko rauta a kashe take, ko dnsmasq bai tashi ba. Ka buga systemctl status dnsmasq a kan uwar ka gani. In suwic ɗinka irin mai saituna ne, yana iya riƙe rami na kusan daƙiƙa 30 kafin ya buɗe shi saboda wani bincike da ake kira STP, kafin nan 'yar ta gaji da jira. Ana saita ramukan ɗalibai su buɗe nan take.

PXE-E53: an ba ta adireshi amma ba a gaya mata sunan fayil ba. Wato rauta ta amsa, uwar ta yi shiru. Wannan na yawan faruwa in an sayo sabuwar rauta mai jerin lambobi daban, misali da 192.168.0 ake, yanzu ya koma 192.168.8. Ka gyara lambar uwar ta dace da sabon jerin, ka sake ltsp dnsmasq.

PXE-E32: mataki na 3. Ta san fayil ɗin amma ya ƙi zuwa. Yawanci katangar tsaron uwar ce ta toshe ƙofa ta 69 da TFTP ke bi. Ƙofofi na 67 da 4011 ma dole su kasance a buɗe.

In jerin zaɓi ya fito, rubutu ya yi ta gudu, sannan ta tsaya a baƙin allo, mataki na 4 ne. Ka duba ko NFS na aiki, ka duba ko rumbun uwar bai cika ba, don in ya cika ana tsakiyar ɗaure ƙunshi, aikin ba zai kammala ba. Umarnin df -h zai nuna maka.

In allon shiga ya fito amma ya ƙi karɓar kalmar sirrin sabon ɗalibi alhali tsofaffi na shiga, ltsp initrd ne ba a sake ba.

Akwai dabara ɗaya mai sauƙaƙa komai. Ka buga journalctl -f a kan uwar, ka bar shi a buɗe, ka sa wani ya kunna 'yar da ke ba da matsala. In ka ga layuka na fitowa, muryarta na isowa, matsalar na gaba. In shiru, ko isowa ba ta yi ba, ka koma kan waya.

Matsaloli uku masu rikitarwa

Ta farko, sarki biyu a gari ɗaya. Wani malami ya kawo tasa rautar ya jona a suwic don ya samu waifai a ofis. Yanzu masu raba adireshi sun zama biyu, duk wanda ya riga amsawa shi 'yar za ta bi. Alamarsa: yau waɗannan su tashi, gobe waɗancan, babu tsari. Ka bi wayoyin suwic ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ba ka santa ba ka zare.

Ta biyu, zobe. Yaro ya ga waya na lilo, da kyakkyawar niyya ya soke ta a rami, ashe ɗayan kanta ma a jikin suwic ɗin yake. Saƙo ya yi ta zagayawa ba tsayawa. Za ka ga duk fitilun suna ƙiftawa tare da sauri kamar hauka, komai ya tsaya. Maganin rigakafi shi ne ka rubuta lamba a kai biyun kowace waya, ka kuma sa suwic a akwati mai makulli.

Ta uku, batirin agogo. A cikin kowace kwamfuta akwai ɗan batiri mai kamar kwabo, CR2032. Na tokumbo yawanci ya tsufa. In ya mutu, da an ɗauke wuta BIOS zai manta saitin da ka yi, ya koma neman rumbun da babu. Kwanan wata ma ya koma baya, shafukan intanet su ƙi buɗewa. Ka canza su duka tun ranar farko.

In kuma 'ya ɗaya na tashi amma da nawa fiye da sauran, ka gwada wayarta da testa. Gudun gigabit na buƙatar sili 8 duka, in ɗaya bai matsu ba tana iya komawa gudun 100 ba tare da ta gaya maka ba.

Wuta, damina da ɓera

Ko babu kuɗin komai, a saya wa uwar da suwic UPS. In 'ya ta mutu bagatatan ba ta yi asarar komai ba sai abin da yaro bai adana ba. In uwar ce ta mutu ana tsakiyar rubutu, ayyukan ɗalibai na iya lalacewa. Tsarin kunnawa: rauta da suwic, sai uwar, a jira ta gama tashi, sannan 'ya'ya. A kashewa kuma a fara da 'ya'ya. In da janareta ake aiki a bar shi ya daidaita kafin a jona.

Mu nan Kudu damshi ne abokin gabarmu fiye da ƙura. Kan waya na yin tsatsa, ya koma kore-kore, musamman wanda ke kusa da taga ko a ƙasa. A ɗaga wayoyi daga ƙasa a sa su cikin bututun roba, wannan zai raba ka da ɓera ma. In hadari ya taso da tsawa a zare komai daga soket, musamman in akwai wayar da ta tsallaka daga wani gini zuwa wani. Kuma duk Juma'a a kwafe jakar ɗalibai zuwa wani rumbu na waje, a ajiye shi a ofishin shugaban makaranta.

Amfanin da za a samu

Manhajar Epoptes na ba malami damar ganin allon kowane ɗalibi daga kujerarsa, ya kulle su in yana bayani, ya nuna musu nasa allon, ya kashe duka da danna ɗaya. Ba sai da intanet ba: Kiwix na ajiye Wikipedia a kan uwar, har da ta Hausa, Moodle kuma na ba da damar shirya tambayoyin gwaji da agogo yana tafiya. In za ku sayi manhajar gwajin jarabawa, ku tambaya tun farko ko tana buɗewa a burauza, don da yawansu na Windows ne kaɗai. Sannan a fahimta, wannan ɗakin koyo ne da gwaji. Zama cibiyar jarabawar JAMB wani abu ne daban mai nasa sharuɗɗan.

Shawarata ga iyayenmu na kwamiti da sarakunan Hausawa da ke tara kuɗin irin wannan aiki: duk wanda za ku ba kwangilar, ku sa a cikin yarjejeniya cewa zai koya wa matasa biyu na unguwa, ya miƙa kalmar sirrin uwar a rubuce ga shugaban makaranta, ya kuma zana taswirar wayoyi a manna a bango tare da jerin lambobin matsalar nan. Kada ku biya cikon kuɗi sai matasan nan sun zare waya da gangan, sun gano matsalar, sun gyara a gabanku. A kuma ware wa 'yan mata lokacinsu a jadawali, don jarabawa ɗaya za su zauna da mazan.

Allah ya ba yaranmu sa'a, ya sa wa neman iyayenmu albarka. Amin.